Ƙwarya, Kafso da Cokalin Gishiri: Tarihin Tsami da Gudawa daga Dajin Birnin Gwari

A ranar 28 ga Nuwamba, 2024, Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya buɗe karar shanun garin, wadda ta shafe fiye da shekara goma a rufe saboda rashin tsaro. Labaran da suka biyo baya sun fi karkata ga yawan tirelolin da ake lodawa da farashin bijimi. Akwai kuwa wata haja da ke bin garke duk inda ya sa gaba, wadda ba ta shiga irin wannan lissafi, domin ba dillali ke sayar da ita ba, ba a kuma yanka mata rasit. Ita ce nonon da matan rugage ke ɗaukowa a ka zuwa gari. A cikin kowane ludayinsa akwai miliyoyin ƙwayoyin halitta masu rai, dangin waɗanda ake ɗurawa a kafso ko a ƙunshe a 'yar takarda, a jera su a manyan shagunan magani na Kaduna da Abuja da sunan firobayotik, a ce suna gyara ciki, suna tsai da gudawa.

Daga nan ne wata magana mai daɗin ji ta samo asali, cewa kakanninmu sun riga Turawa sanin firobayotik, kuma ƙwaryar nono ta isa maganin zawo. Akwai gaskiya a cikin maganar, sai dai ba a inda ake zato take ba.

Birnin Gwari tsohon gari ne a kan tsohuwar hanya. Ta nan Hugh Clapperton ya bi a 1826 lokacin da ya fito daga ƙasar Nufe ya nufi Zariya da Kano, yana bin sawun fatake. Abin da ya kewaye garin daji ne na doka da ɗorawa da kaɗanya, da duwatsu a tsattsaye, da rafuka masu gangarawa kogin Mariga. A 1936 aka keɓe wani yanki nasa a matsayin gandun daji na En'e, kuma shi ne a 1999 ya zama Gandun Dajin Ƙasa na Kamuku, mai faɗin murabba'in kilomita sama da 1,100, wanda ya haɗe da dajin Kuyambana ta wajen Zamfara. Irin wannan daji yana da ciyawa da ruwa, amma da can yana da ƙudan tsando mai sa wa shanu sammore, don haka makiyaya kan shigo da rani su koma arewa in damina ta kankama. Da noma ya ci daji, tsando ya ragu, fari na shekarun 1970 da 1980 kuma ya koro garkuna daga arewa, sai rugage suka yi ta kafuwa a gefen garuruwa irin su Dogon Dawa da Kuyello da Randagi. Manomi na da gero, makiyayi na da madara. Fura da nono ita ce yarjejeniyar da suka ƙulla, ana sabunta ta kowace hantsi a bakin kasuwa.

Madara ba ta daɗewa a ƙasa mai zafi. Wadda aka tatsa da safe, in aka bar ta haka nan, kafin yamma ta fara juyawa. Dabarar matar ruga ita ce ta riga lalacewa isa wurin. Takan juye madarar a ƙwaryar da ta saba, wadda ƙwayoyin tsami suka riga suka zauna a jikinta, ko ta zuba mata ɗan ragowar nonon jiya, ta rufe da faifai ta bar ta ta kwana. Wasu kan dafa madarar tukuna, musamman in kindirmo za a yi. Da gari ya waye ta kama. In an bar ta da manta, kindirmo ke nan. In an kaɗa an tsame man shanu, abin da ya rage shi ne nonon da ake dama fura da shi.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan maganar ta yi daidai har a ɗakin gwaje-gwaje. Ƙwayoyin bakteriya da ke cikin ragowar jiya, irin su laktobasilus da laktokokus, suna cinye sukarin da ke cikin madara su mai da shi sinadari mai tsami. A ma'aunin tsami da masana ke amfani da shi, wanda lambarsa ke raguwa gwargwadon ƙaruwar tsamin, sabuwar madara tana wajen 6.6. Idan ta sauko 4.6 sai ta daskare. Nonon da ya yi tsami sosai yakan kai wajen 4. A irin wannan tsami yawancin ƙwayoyin da ke haddasa gudawa ba sa iya yaɗuwa, wasunsu ma mutuwa suke yi, kuma ƙwayar kwalara tana cikin mafiya rauni a gabansa. Ma'ana, a gidan da babu firiji, tsami shi ne firiji.

Akwai wata fa'ida ta biyu, wadda bincikenta ya gudana a Nijeriya. A 1971 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga aikin Norman Kretchmer na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa, cikinsu har da wani likitan yara na Legas mai suna Olikoye Ransome-Kuti. Sun gwada yadda al'ummomi daban-daban ke narkar da sukarin madara bayan yaye. Sun tarar yawancin Fulani makiyaya suna narkar da shi ba wahala, Yarbawa kusan dukkansu ba sa iyawa, mutanen biranen Hausa kuma galibinsu ba sa iyawa. Wanda ba ya narkar da wannan sukari, in ya sha ɗanyar madara da yawa, sai kumburin ciki da ƙugi, wani lokaci har da zawo. Tsami yana rage sukarin, ƙwayoyin da ke cikin nonon kuma suna taya hanji narkar da saura. Wannan na cikin dalilan da suka sa Bahaushe ya san nono fiye da yadda ya san madara, har madarar gwangwani da ta gari suka shigo da shayi.

Ba a kan madara kaɗai hikimar ta tsaya ba. Gero da ake jiƙawa ya kwana, a niƙa, a tace, a bar gasara ta kwanta ta yi tsami kafin a dama koko, aikin ƙwayoyin nan ne. Daddawa ma ruɓa ce da aka sarrafa, ko da yake wasu ƙwayoyi ne daban ke aiki a kan kalwa. Muhimmancin koko ya fi fitowa a lokacin da yaro ya fara cin abinci ban da nonon uwa, domin a wannan tsakani ne gudawa ta fi kama yara. Iyaye mata kan ce haƙori ne. Abin da ya haɗa su shi ne lokaci: watannin da haƙori ke fitowa su ne watannin da yaro ke rarrafe, yana kai komai baki, ana kuma ba shi kunun da aka dama da safe ya wuni a kwano. A 1990 Patience Mensah da abokan aikinta a Gana suka nuna cewa kunun masarar da aka bari ta yi tsami yana ɗauke da ƙwayoyin ƙazanta kaɗan idan aka kwatanta da wanda ba a bari ba, ko da ya jima a ajiye. A Tanzaniya ma, wani bincike da aka buga a 1994 ya ga yaran da ake ba kunu mai tsami sun fi ƙarancin kamuwa da gudawa.

A lura da irin aikin da tsami ya yi a duk waɗannan misalai. A cikin ƙwarya da kwano ya yi shi, kafin abinci ya kai baki. Koko ma dafa shi ake yi, wuta kuwa tana kashe ƙwayoyin, tsamin ne kawai ke saura. Tsaro ne na abinci, riga-kafi. Ko zai warkar da yaron da gudawa ta riga ta kama, wannan tambaya ce daban, kuma an yi ta. Masu bincike daga Denmark sun gwada ruwan tsamin da ke tasowa a saman gasarar gero, wanda ƙwayoyinsa ke da rai, a kan yara masu gudawa a asibitocin arewacin Gana, ƙasar da har yau ake kiran wannan abin sha da sunan kokon Hausa saboda mutanen zango da suka yaɗa shi. Sakamakon da suka buga a 2006 ya nuna bai rage yawan zawon ba, bai kuma gajarta kwanakinsa ba.

Ƙwaryar ma tana da nata raunin. Da rani, in shanu sun rame madara ta yi ƙaranci, akan ƙara wa nono ruwa da garin kuka don ya yi kauri ya auku. Ann Waters-Bayer, wadda ta zauna da matan Fulani a Abet ta kudancin Kaduna a farkon shekarun 1980 tana nazarin sana'ar nono, ta rubuta wannan dabara dalla-dalla. Ruwan da aka ƙara, daga rafi ko kududdufi, yana rage tsamin da ke tsare nonon, ya kuma shigo da abin da ake gudu. Sannan akwai cututtukan da ke fitowa daga jikin saniyar kanta, tarin fuka na shanu da bakkale, waɗanda tsami bai isa a dogara da shi a kansu ba. Wuta ce maganinsu, shi ya sa dafa madara kafin a sa mata iri ya fi.

Yadda tsami ya shiga kwalba

Tunanin cewa a haɗiyi ƙwayoyi masu rai don neman lafiya ya fito ne daga Cibiyar Pasteur da ke Faris. A 1899 Henry Tissier ya gano wata ƙwaya mai kai biyu kamar gwafa, wadda ta mamaye hanjin jariran da ke shan nonon uwa, ya kuma lura ba ta da yawa a cikin yara masu gudawa. A 1906 ya ba da shawarar a riƙa ba su ita. Abin sha'awa ne cewa Hausa ta haɗa mama da ruwansa da abin da ke cikin ƙwaryar Bafulatana a kalma ɗaya, nono. Daga baya an gano cewa nonon uwa na ɗauke da wasu nau'o'in sukari da jariri ba ya narkarwa, abincin waɗannan ƙwayoyi ne kawai.

Wanda ya kai maganar kasuwa shi ne Élie Metchnikoff, Barashe mai aiki a cibiyar, wanda ya samu kyautar Nobel a 1908 a kan wani aiki daban, na garkuwar jiki. Ya yi imani cewa tsufa guba ce da ƙwayoyin babban hanji ke zuba wa jini. Da ya ji labarin yawan tsofaffi a ƙauyukan Bulgeriya masu shan nono mai tsami, kuma wani ɗalibi ɗan ƙasar, Stamen Grigorov, ya ware ƙwayar da ke tsamama shi a 1905, sai ya haɗa biyun. Littafinsa na 1907 a kan tsawaita rai ya sa attajiran Turai suka dinga neman abin da talakan Balkan ke sha don dole. Shi kansa ya lazimci shan nonon kullum. Ya rasu a 1916 yana da shekara 71. A shekarun 1920 Leo Rettger na Jami'ar Yale ya nuna cewa ƙwayar Bulgeriya ba ta ma zama a hanjin mutum.

Ra'ayin bai mutu da mai shi ba, domin kasuwa ta riga ta karɓe shi, kuma kusan kowane babban suna a wannan fage daga gudawa ya faro. A 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, likitan Jamus Alfred Nissle ya ware wata ƙwaya daga bayan gidan wani soja da atini bai kama ba alhali ya kwantar da abokansa, ana kuma sayar da ita har yau da sunan Mutaflor. A 1919 Isaac Carasso ya fara yin yogot a Basalona yana kai wa shagunan magani saboda yara masu ciwon ciki, asalin kamfanin Danone ke nan. A 1923 Henri Boulard, Bafaranshe, ya ware wani yis daga ɓawon 'ya'yan itatuwa a yankin Indocina, inda, kamar yadda labarin ya zo, ya ga mutane na shan jiƙon ɓawon a lokacin kwalara. Wannan yis ɗin yana cikin abin da ake rubuta wa yara a asibitocin biranenmu. A Japan kuma Minoru Shirota ya reni tasa ƙwayar a 1930, aka fara sayar da Yakult a 1935. Kalmar firobayotik ta shiga rubutun kimiyya sosai a 1965, amma sai a 2001 ƙwararrun Hukumar Abinci da Noma da Hukumar Lafiya ta Duniya suka zauna a Ajantina suka yanke mata ma'ana: ƙwayoyi masu rai, waɗanda in an ba da su a isasshen adadi suke amfanar lafiyar wanda ya sha. Bisa tsananin wannan ma'ana, sai an san ainihin ƙwayar, an ƙidaya ta, an gwada ta. Nonon ruga abinci ne mai rai, amma na yau ba lallai ya zama irin na jibi ba.

Abin da ya rage kaburbura

Yayin da ake wannan, yara na ta mutuwa. A wajen 1980 gudawa na kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin miliyan 4.6 a duniya kowace shekara. Yau adadin bai kai rabin miliyan ba. Ba kafso ne ya yi wannan aiki ba.

Abin da ke kisa a gudawa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki. Idanu su zurma, maɗiga ta faɗa, fitsari ya ɗauke, a ja fatar ciki ta ƙi komawa. Maganin da aka sani da can shi ne ƙarin ruwa ta jijiya, wanda ke bukatar asibiti da allura da ma'aikaci. A 1960 Robert Crane ya bayyana cewa hanji na da wata ƙofa da ke shigar da gishiri tare da sukari, ruwa kuma ya bi bayansu. Likitoci a Dakka da Kalkata suka gano cewa ko kwalara ba ta rufe wannan ƙofa. Gwajin gaske ya zo a 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladash, a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon. Ruwan jijiya ya ƙare wa Dilip Mahalanabis da mutanensa, sai suka dinga haɗa gishiri da sukari a durom, suna ba dangin marasa lafiya kofuna su yi ta ɗura musu. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

A daidai wannan lokaci kwalara ta iso Nijeriya. An fara ganinta a kusa da Legas a ƙarshen 1970, a 1971 kuma aka rubuta mutum fiye da 22,000 da suka kamu, kusan 3,000 suka rasu. Ta dawo da ƙarfi a 1991, ta kashe fiye da 7,000, galibi a Arewa. Tsakanin waɗannan annoba biyu ne likitan nan da ya auna sukarin madara, Olikoye Ransome-Kuti, ya zama ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, ya kuma mai da ruwan gishiri da sukari darasin da ake koya wa kowace uwa a asibitin sha-ka-tafi da gidan rediyo: ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a shafe, goma na sukari, a cikin ruwa cikin kwalbar lemo biyu. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka sabunta shawarar, suka kawo ƙunshin gari mai ƙarancin gishiri da sukari, suka ƙara ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, wadda ke gajarta ciwon tana kuma rage dawowarsa.

Duk da arharsa, bai kai ko'ina ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin yaran Nijeriya da suka yi gudawa, kashi 40 cikin ɗari ne aka ba ruwan ƙunshin, waɗanda suka samu shi tare da zinki kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ruwan gishiri da sukari ba ya tsai da zawo nan take, rai yake riƙewa har ciwon ya wuce, ita kuwa uwa so take ta ga ya tsaya. Sai a nufi kemis a karɓo Flagyl ko wani maganin kashe ƙwayoyi, alhali yawancin gudawar ƙananan yara, musamman ta lokacin hunturu, bairos ne ke kawo ta, wanda waɗannan magunguna ba sa taɓawa. A wannan gurbi, na son ganin an ba da wani abu mai kama da magani, firobayotik ya samu wurin zama a takardar likita.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ƙananan gwaje-gwaje masu yawa sun nuna kamar yana rage gudawa da kimanin kwana ɗaya, kuma a kan haka aka dogara shekara da shekaru. A Nuwamba 2018 aka buga manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Kanada, kowanne da yara kusan 900 ko fiye, inda aka ba rabi firobayotik, rabi kuma abin da ya yi kama da shi amma ba komai a ciki. Ba a ga bambanci ba. A 2020 ƙungiyar Cochrane ta sake tattara gwaje-gwaje 82, ta ce in aka tsaya a kan manya masu inganci, amfanin kaɗan ne ko babu. A shekarar ce ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta ba da shawarar kada a riƙa ba yara shi don gudawar kamuwa, ko da yake takwarorinsu na Turai sun bar ƙofa a buɗe ga wasu 'yan nau'o'i, a matsayin ƙari a kan ruwan gishiri da sukari. A Malawi ma an gwada shi a kan yara masu tamowa mai tsanani, sakamakon 2009 bai nuna ya ƙara musu warkewa ba.

Wannan ba ya nufin banza ne. Inda hujjarsa ta fi ƙarfi shi ne gudawar da maganin kashe ƙwayoyi ke haddasawa da kansa, bayan ya share na kirki da na banza a hanji. A nan, ba da shi tare da maganin yana rage yawan yaran da ke kamuwa da fiye da rabi. Akwai kuma hujja a kan kare bakwaini daga wata muguwar cutar hanji, sai dai a hannun ƙwararru, domin a 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan mutuwar wani bakwaini da ƙwayar ta shiga jininsa. Kowane nau'i da aikinsa, sakamakon ɗaya ba ya hawa kan ɗaya. Sannan abu ne mai rai: kwalin da ya yi watanni a shagon kwano a zafin bazara, ba mai tabbacin abin da ya rage a cikinsa.

Abin da ya fi kusa da maganin gudawar hunturu ya zo ne ta ƙasar Hausa. A Madarumfa ta jihar Maraɗi, ƙungiyar likitoci ta MSF da cibiyar Epicentre suka gwada wani ɗigon riga-kafin bairos ɗin rota, wanda kamfanin Serum na Indiya ya yi shi don ya jure zafi, a kan jarirai fiye da 3,500. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna ya kare kimanin kashi biyu cikin uku daga mummunar gudawar rota. Nijeriya ta shigar da riga-kafin rota cikin jerin na yara a Agusta 2022.

Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan, ƙunshi da zinki da ɗigo da ƙwarya, ta kan hanya yake zuwa, kuma hanya ce Birnin Gwari ta rasa. Satar shanu ce ta fara, kuma makiyaya ne suka fara ɗanɗanawa: mutum ya kwana da garke ya tashi da sanda. Wasu suka yi ƙaura da abin da ya rage musu, wasu 'ya'yansu suka shiga daji da bindiga. A Oktoba 2012 aka kashe mutane fiye da 20 a Dogon Dawa, cikinsu har da masu fitowa daga sallar asuba. A 2015 gwamnonin jihohin da suka kewaye dajin suka haɗa kuɗi aka tura sojoji Kamuku da Kuyambana, aka ƙwato shanu, ɓarayin suka watse suka sake haɗuwa. A Mayu 2018 aka kashe aƙalla mutum 45 a Gwaska. Daga baya 'yan Ansaru suka kafa sansani a gabashin masarautar, wajen Damari. Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na Biyu, da ƙungiyar ci gaban masarautar sun yi ta kuka a jaridu shekara bayan shekara. Hanyar Kaduna ta zama sai da rakiyar sojoji, ta Funtuwa ma haka.

A irin wannan hali, matar da ta ɗauko ƙwarya daga daji tana tsakanin wuta biyu. A hanya tana tsoron masu bindiga, a gari ana mata kallon mai kai musu rahoto. Cinikin da ya haɗa gero da madara tun kaka da kakanni ya tsinke a wurare da dama, kuma shi nono ba a ajiye irinsa a rumbu kamar na gero. In saniya ta daina ba da madara, ragowar jiya ta ƙare. Mutanen ƙauyuka suka tattaru a cikin gari da makarantu da gidajen dangi, rijiya ɗaya ta koma ta mutane da yawa, masai ya yi kaɗan. Ƙananan asibitocin karkara da yawa suka rufe saboda ma'aikata sun gudu, masu allurar riga-kafi kuma ba sa iya shiga. Shekarar 2021 ta haɗa komai: ita ce shekarar da Nijeriya ta rubuta fiye da mutum 100,000 da ake zaton kwalara ta kama, fiye da 3,500 suka rasu, kuma a cikinta ne gwamnatin Kaduna, don ta datse wa 'yan bindiga hanyar samun kaya, ta dakatar da kasuwannin mako a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, ta hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya na kusan wata biyu.

Sulhun 2024 ya sa motoci sun koma hanya, manoma sun koma wasu gonakin da suka bari. Ga ma'aikacin lafiyar da ya koma ɗakin shan magani a Kakangi ko Randagi, tsarin aikin bai canza ba tun 2004. Yaro mai gudawa a fara masa ruwan ƙunshi tun zawon farko, a haɗa shi yadda aka rubuta a jiki da ruwa mai tsabta, a ba shi zinki har kwanakin su cika ko da ya warke. Kada a janye masa nonon uwa, kuma in bai kai wata shida ba kada a ba shi na saniya. In ya fara cin abinci a ci gaba da ba shi, kuma a nan koko mai tsami da kindirmon da aka dafa madararsa suna da gurbinsu, domin hanjin da gudawa ta gurje yakan kasa narkar da sukarin madara na ɗan lokaci, mai tsami ya fi masa sauƙi. In aka ga jini a bayan gida, ko amai ya hana ruwa zama, ko yaro ya yi laushi ya kasa sha, to aikin ya wuce na ƙauye, sai Babban Asibitin Jibril Mai Gwari a cikin gari. Abin da ya gagara a can kuma sai Kaduna, tafiyar kilomita kusan 120 ta Udawa da Buruku.